Dutsen da Ke Cikin Tanki na Uku

A bakin ƙofar filin ƙera jiragen ruwa na tsibirin Geoje akwai wani koren allo, da wani tsoho mai suna Tak wanda ba shi da aikin da ya wuce canza lambar da ke jikin allon kowace safiya. Lambobin na ƙarfe ne, kowace da ƙugiyarta, a cikin gwangwanin biskit yake ajiye su. Ranar Larabar da abin ya faru, allon cewa yake yi: KWANA 992 BABU HAƊARI. Saura kwana takwas a cika dubu. Har an sayo tawul-tawul da aka buga wa dubun a jiki, an kuma yi wa kowane gida alkawarin naman saniya.

Ok Man-bok mai walda ne, shekararsa talatin da ɗaya a filin. Mutum ne mai son kallon abin da babu ruwansa. Shi ya fara lura cewa tsuntsayen teku ba sa sauka a kan jirgin da ba a raɗa wa suna ba. Shi ne kuma yake tsayawa ya gaida busasshen kifin nan da aka naɗe da farin zare aka rataye a saman ƙofar ɗakin canza kaya, wanda idonsa ba ya rufewa don ya riƙa yi wa mutane gadin masifa.

Da safe an yi da'ira kamar kullum, kowa ya dafa kafaɗar na kusa da shi, aka miƙa yatsa zuwa tsakiyar da'irar.

"Hular kwano, lafiya! Igiyar ƙugu, lafiya! Babu haɗari, lafiya, lafiya, lafiya!"

Bayan awa biyu Man-bok yana sauka cikin tanki na uku na sabon jirgin, wani ƙarfe daga matakan tsanin ya saki ta gefe ɗaya. Bai ji zafi ba da farko. Ya dai ga fitilar hularsa tana haska rufin tankin, yana mamakin wanda ya kwantar da shi. Sai da ya yunƙura zai tashi ƙafar hagu ta gaya masa labari.

Foman Byeon ne ya fara saukowa. Ƙanin bayan Man-bok ne a shekaru, mutum mai ƙaramin jiki da yawan zufa. Ya duƙa ya taɓa idon sawun, ya ɗaga kai ya dubi bakin tankin, ya sake duban ƙafar.

"Yaya, kana jina? Yatsu nawa ne nan?"

"Biyu."

"Madalla. Cire rigar."

"Rigar kuma? Ƙafa ce, Foman."

"Na san ƙafa ce. Cire rigar, Yaya, don girmanka."

Mutum huɗu suka fito da shi a cikin tamfol kamar kayan aiki. Ba a kira motar asibiti ba, don motar asibiti tana da jiniya, jiniya kuwa tana da kunnuwa dubu ashirin masu saurarenta a filin nan. A bayan ɗakin canza kaya Byeon ya buɗe but ɗin motarsa. Ashe akwai jar rigar hawan dutse a ciki, da wando, da hula mai baki, har da sanda, duk a ninke cikin leda. Man-bok ya daɗe yana kallon kayan. Rigar ta zauna masa daidai, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan.

A hanya Byeon yana tuƙi yana magana, bai juyo ba ko sau ɗaya.

"Ka san mu ƙananan 'yan kwangila ne. In aka rubuta haɗari da sunanmu, babban kamfani ba zai sabunta mana aiki ba. Gida arba'in, Yaya. Maganinka duk a wuyanmu, albashinka ba za a taɓa ba. Kai dai hawan dutse ka je da asuba, ka zame."

"Ni ban taɓa hawa dutse ba."

"To yau ka fara."

Likitan ƙaramin asibitin da suka je ya ɗaga hoton ƙafar ya duba, ya ce ƙashi ya tsage wuri biyu. Ya dubi hannuwan Man-bok masu tabon wuta, da baƙin zoben da tabarau na walda ya bari a fuskarsa.

"Wane dutse?"

"Gyeryong," in ji Byeon.

"Noja," in ji Man-bok, a lokaci guda.

Likita bai ɗago ba, ya ci gaba da rubutu. "Duwatsun nan namu suna cin mutane ranar Laraba," ya ce. "Da sha ɗaya na safe musamman."

Matar Man-bok ta buɗe ƙofa ta gan shi da jar riga, ƙafa cikin farin simintin asibiti, sanduna biyu a hammata. Ta kauce masa ya shiga ya zauna.

"Baban Mi-ran, kai da ba ka hawa bene na biyu sai ka zagi wanda ya gina shi?"

"Dutse na hau."

"Da wa?"

"Ni kaɗai."

"Rigar wa ce wannan?"

Ya dubi rigar. "Tawa ce, ina jin."

Ba ta sake tambaya ba. Ita ma 'yar tsibirin ce, mahaifinta ya taɓa faɗuwa daga keken da bai mallaka ba. Ta je ta ɗora ƙashin saniya a wuta.

Washegari Byeon ya zo ya ɗauke shi da ƙarfe bakwai. Dole ya buga katin shiga, don ranar da ma'aikaci bai zo ba ita ake tambaya, ranar da ya zo kuwa ko a kwance yake ya zo. Suna wucewa ta ƙofa tsoho Tak yana rataya 993.

Aka kai shi wata kwantena a bayan ma'ajiyar ƙarafa, inda bai taɓa sanin akwai ɗaki ba. Akwai tabarma mai ɗumi, da tukunyar shayi, da mutum biyu a zaune suna haɗa safar hannu, dama da hagu, suna ɗaurewa goma-goma. Ɗaya ya rufe ido ɗaya da auduga. Ɗayan Ma Chil-seong ne, mai goge ƙarfe, hannunsa a naɗe har gwiwa.

"A'a! Sabon ɗan ƙungiya!" in ji Chil-seong. "Sannu da zuwa, Yaya. Dutse ko keke?"

"Dutse."

"Ni keke ne. Wannan kuma matarsa ce ta watsa masa man suya. Bai ma da mata. Zauna, zauna. Wane dutse suka ba ka?"

"Ban tabbata ba."

"Ka tabbata da wuri. Ofis za su tambaya, maƙwabta za su tambaya. Ka sa masa itace, ka sa masa tsuntsu. Nawa keken shuɗi ne, birkin baya ne ya tsinke. Har kewarsa nake yi."

Haka kuwa aka yi. Mai sayar da kifi ta tambaya, direban bas ya tambaya, 'yarsa Mi-ran ta bugo waya daga Busan ta tambaya. Ya zaɓi Gyeryong tunda ana hango shi daga tagar kwantena. Ya sa masa wata siririyar hanya mai jiƙaƙƙen ganye, da wani baƙin dutse mai gansakuka, da tsuntsu mai baƙi da fari wanda ya yi kuka kafin ya zame. Zuwa ranar Juma'a, in ya rufe ido, ƙamshin ganyen yake ji. Ya tuna har da sanyin da ya shiga masa ta wuyan jar rigar. Sai ya kan buɗe ido ya dubi safar hannun da ke cinyarsa ya rasa wace ce ta dama.

Tankin kuwa ya fara yi masa nisa kamar mafarki. Abu ɗaya ne kawai bai gushe ba: ƙarar ƙarfen nan lokacin da ya saki. Ƙyas. A dutse babu abin da ke yin wannan ƙara.

Da Byeon ya kawo musu abincin rana, Man-bok ya riƙe masa hannun riga.

"Foman, an gyara matakin?"

Byeon ya dubi ƙofa. "Wane mataki?"

"Na dutsen."

"Na mayar da shi wurinsa, na danna. In ka gani ba za ka ce ya taɓa motsi ba. Na gaya wa mutanenmu su riƙa tsallake na bakwai."

"Walda ce ta minti biyar."

"Minti biyar da takardar izinin wuta. Takardar tana son dalili. In na rubuta mataki ya karye, sai jami'in kiyaye haɗari ya ce wa ya gani, yaushe, yana ina da ya gani. Bayan haka ma mun miƙa tankin jiya, mun gama namu."

"To ka ɗaura jan ƙyalle."

"Jan ƙyalle ai tambaya ce da kanta, Yaya. Ranar Alhamis a cika dubu, ranar Juma'a in shiga da kaina in gyara. Kwana nawa ne?"

"Wa aka miƙa wa tankin?"

"Masu fenti. Litinin za su shiga."

Man-bok ya saki rigar. Masu fentin tankuna mata goma ne na wani ɗan kwangilar daban, shugabarsu kuwa Chu Ok-bun, wadda kowa ke kira Inna Chu. Mijinta ne ya koya wa Man-bok riƙe sandar walda, Man-bok kuwa Yaya yake ce masa har ya rasu. Shekararta sittin da biyu, tana sauka tsani da bokitin fenti a hannu ɗaya.

"An gaya musu?"

"In gaya musu me? Ba mutanenmu ba ne. Bakin mace goma, Yaya? Kafin la'asar labari ya kai Seoul."

Ranar Asabar Man-bok ya tare ta a bakin ɗakin cin abinci. Ta fito tana sakace haƙori, ɗankwali a ƙarƙashin hular kwano, ɗigon fenti har a gira.

"Ga shi nan! Ƙanin miji mai hawan dutse! An ce wata bazawara ka bi har can sama, ta tunkuɗo ka."

"Matar Yaya, ki saurara. Litinin in kin shiga tanki na uku, ki tsallake mataki na bakwai."

"Don me?"

"Haka nan. Mafarki na yi."

"Na bakwai daga sama ko daga ƙasa?"

Man-bok ya shiga lissafi. Yana sauka ne, to daga sama ya kamata ya ƙirga. Amma shi bai ƙirga ba. Byeon ne ya ce bakwai, Byeon kuwa daga ƙasa ya duba, yana duƙe a kan ƙafarsa. Ko kuwa da ya hau ne ya ƙirga?

"Ki tsallake duka biyun."

"Da ƙafafun nan nawa? Da bokiti? In ce wa mata tara su riƙa tsalle a duhu saboda ƙanin mijina ya ci wake ya yi mafarki?" Ta ƙura masa ido, dariyar ta ragu. "Man-bok, akwai abin da kake son gaya mini?"

Mutane suna wucewa ta gefensu, kowa da sabon bajo a ƙirji mai cewa saura kwana biyar. Cikinsu har da uku daga gida arba'in ɗin nan, suka ɗaga masa hannu.

"Babu," ya ce. "Dutsen akwai santsi, shi ke nan."

A kwantena ya tambayi Chil-seong, wanda ya taɓa aiki a tankin. Chil-seong ya ce tsanin mataki ashirin da biyu ne. Mai ido ɗaya ya ce sha tara. Man-bok ya buga wa Byeon waya, Byeon ya ce daga ƙasa, sai kuma ya ce a'a, bari ya tuna, sannan ya ce ana kiransa.

Ranar Lahadi Man-bok ya wuni a zaune a bakin taga da kwanon romon ƙashi, yana kallon Gyeryong. Ya yi ta ƙoƙarin sauka tsanin a cikin kansa. Ɗaya, biyu, uku, a na huɗu sai ƙarfe ya koma jiƙaƙƙen ganye, tsuntsun nan ya yi kuka. Ya sake farawa. Har ya soma tambayar kansa ko dai da gaske ya hau dutsen, tankin ne ƙaryar. In haka ne babu abin da zai sami kowa. Wannan tunanin ya yi masa daɗi ƙwarai, ya riƙe shi har romon ya huce.

Matarsa ce ta ɓata shi. Ta fito da takalmin aikinsa na hagu daga leda, wanda Byeon ya kawo tare da kayansa, an yanka shi da almakashi tun daga sama har ƙasa.

"A zubar da wannan, ko dutsen zai biya?"

Ya karɓa ya juya shi. A tafin takalmin babu laka, babu ganye. Jan ƙurar tsatsa ce kawai, da wani ɗan guntun walda da ya maƙale a tsaga. Ya ciro shi da farce. Walda ce marar kyau, wadda wuta ba ta ci ba, irin ta wanda ake ƙwala wa kira ya yi sauri.

Litinin, allo yana cewa 997. Byeon ya sauke shi a kwantena ya wuce. Man-bok ya zauna ya haɗa safar hannu guda uku, duk na hagu. Sai ya ɗauki sandunansa.

"Ina zuwa, Yaya?" in ji Chil-seong.

"Hawan dutse."

Bai san abin da zai yi ba. Ya yi tunanin sauka ya gwada matakan da kansa, amma da wace ƙafa? Ya yi tunanin ciro busasshen kifin ya rataye a bakin tankin, amma kifi gadi yake yi, ba ya walda. Yana cikin wannan lissafi ya ga ya iso gindin jirgin. Gadar hawa doguwa ce, ya hau ta da sanda da gwiwa da zagi. Masu wucewa suna kauce masa, babu wanda ya tambaya, don mutumin da bai ji ciwo ba ba a tambayarsa me ya same shi.

Bakin tanki na uku rami ne zagayayye, faɗinsa bai fi murfin rijiya ba. Man-bok ya gitta sandunansa biyu a kai, ya zauna a bakin, ya miƙe farar ƙafarsa.

Ba a jima ba matan suka iso da bokitai da abin rufe hanci, Inna Chu a gaba.

"Tashi, ƙanin miji. Ba gidan shayi ba ne."

"Ba zan tashi ba."

"Mafarkin ne har yanzu?"

"Ban sani ba, Matar Yaya. Na dai san ba zan tashi ba."

Wata ta yi dariya, wata ta ce a kira wani. Byeon ya iso da gudu, zufa har haɓa, ya duƙa yana raɗa.

"Yaya, kwana uku. Kwana uku kacal. Ka tuna gida arba'in."

"Na tuna. Daga sama ko daga ƙasa?"

Byeon ya goge zufar haɓarsa, ya miƙe.

Jami'in kiyaye haɗari ya zo da farar hularsa da allon rubutu a hannu. Ya dubi matan, ya dubi simintin ƙafar, ya karanta sunan da ke ƙirjin Man-bok.

"Malam Ok? Ba kai ne ka faɗi a dutse ba? Me ya kawo ka saman jirgi da wannan ƙafa?"

Man-bok ya ji ƙamshin ganyen ya taso masa sosai, har da sanyin asuba. Ya dubi Gyeryong can bayan injinan ɗaga kaya, kore shar, babu ruwansa da kowa. Sai hannunsa ya ɗaga da kansa, kamar yadda ya saba kowace safiya shekara talatin da ɗaya, ya miƙa yatsa cikin ramin.

"Nan ne dutsen," ya ce.

Matan suka leƙa ramin. Jami'in ya rufe ido na ɗan lokaci kamar mai ciwon haƙori, don shi ma an buga sunansa a takardar bikin Alhamis. Ya miƙa wa Inna Chu allon rubutunsa, ya ɗaura igiya, ya karɓi guduma, ya shiga. Suna jin yana buga matakan ɗaya bayan ɗaya, matan suna ƙirgawa da ƙarfi. Ya wuce na bakwai lafiya. Na takwas, na tara. A na goma sha ɗaya aka ji ƙyas, sannan ƙarar ƙarfe yana gangarawa har ƙasan tanki.

Da ya fito ya ce matakan ashirin da huɗu ne. Inna Chu ta ƙirga da yatsu, ta dubi Man-bok.

"Ba na bakwai ba ne ta ko'ina, shashasha. Da na bi mafarkinka da na yi tsalle ɗaya a banza, in faɗi kafin na biyu."

Ta ajiye bokitinta ta zauna kusa da shi a kan ƙarfen jirgin. Byeon ya cire hula ya goge kai, ya tafi neman takardar izinin wuta. Walda ta ci minti huɗu.

Abin da ya biyo baya Man-bok bai fahimci rabinsa ba. An kai shi ofis uku, ya sa hannu a takardu masu cewa ya faɗi ranar Laraba, bayan ya riga ya sa hannu a wasu masu cewa ya yi aiki Alhamis da Juma'a da Asabar. Wani ya tambaye shi wace ce gaskiya, ya ce duka da hannunsa ya sa. Aka ce ya tafi gida ya kwanta wata biyu. Game da kwangilar, aka ce ana dubawa. Daga cikin gida arba'in wasu sun daina amsa gaisuwar matarsa a kasuwa, wani kuma ya ajiye kwalin lemo a ƙofarsu bai bar suna ba. Tawul-tawul ɗin an raba wa masu goge inji.

Ranar Talata, da zai je karɓar kayansa, ya tarar da tsoho Tak tsaye gaban allo babu komai a jiki, gwangwanin biskit a buɗe.

"Yauwa, gara da ka zo," in ji Tak. "Ofis sun ce in sa sifiri. Jami'i ya ce a'a, tun Laraba ka faɗi, yau kwana shida. Kai ne mai ƙafa. Nawa zan rataya?"

Man-bok ya jingina da sandunansa ya yi tunani mai tsawo. Ya tuna Chil-seong da shuɗin kekensa, da mai man suya, suna can bayan ma'ajiya suna haɗa dama da hagu.

"Ban sani ba, Baba. Bar shi haka tukuna."

Tak ya rufe gwangwanin. Suka tsaya su biyu suna kallon koren allon da ƙugiyoyinsa uku, ma'aikata suna wucewa a kan kekuna, kowa ya ɗaga kai ya duba ya rasa abin karantawa. Can bayan filin hazo ya sauka a kan Gyeryong. Man-bok ya yi niyyar in ƙafar ta warke zai hau, ko don ya ga ko tsuntsun yana nan.